Daga Rariyar Gari Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Buga Hanyoyin Lantarki

Gabatarwa

Kowace na'urar lantarki tana buƙatar abu biyu: hanyoyin da wuta za ta bi a cikinta, da kuma wurin da mutum zai taɓa ya ba ta umarni. Har zuwa shekarun 1940, da hannu ake biyan waɗannan buƙatu. Wanda ya buɗe bayan akwatin rediyo na wancan zamani, curin wayoyi zai tarar, kowace an yanka ta, an feƙe bakinta, an liƙa ta da dalma ɗaya bayan ɗaya. Makunnai kuwa na ƙarfe ne, masu sifirin da ƙusoshi a ciki. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, kuma kuskuren ma'aikaci guda kan lalata akwati sukutum.

A yau yawancin waɗannan hanyoyi bugawa ake yi, kamar yadda ake buga rubutu a takarda. Fasahar da ta ɗauki babban kaso na wannan aiki tsohuwa ce, ta masu ƙawata yadi, kuma ta girmi rediyo da ɗaruruwan shekaru. Tarihinta a fagen lantarki ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko shi ne bugun rariya, wanda masu sana'a ke ce wa sikirin, wato tura tawada ta cikin ƙyalle mai ƙananan huda. Na biyu shi ne makunnin leda, wato madanni shimfiɗaɗɗe irin wanda ake gani a fuskar sikelin zamani da na'urorin asibiti. Na uku shi ne allon taɓi irin na wayar salula. Igiyar da ta ɗaure su ɗaya ce: neman araha, da kuma abin da ake sarayarwa domin a same ta.

Asalin bugun rariya

Masana tarihi suna danganta mafarin wannan fasaha da ƙasar Sin a zamanin daular Song, tsakanin shekarar 960 da 1279. Tushenta shi ne huda zane a jikin takarda, a ɗora a kan yadi, a shafa launi, launin ya ratsa ta inda aka huda kaɗai. Wannan dabara tana da cikas guda. Idan aka yanke siffa irin ta harafin O, tsakiyar za ta faɗi, tun da babu abin da ya riƙe ta. Masu rini na Japan sun magance haka ta hanyar shimfiɗa siraran zaren alharini a kan takardar, zaren ya riƙe guntayen a mazauninsu, launi kuma ya ratsa ta gefensa. Daga nan tunani ya kai ga cewa a ɗaure ƙyallen alharini gaba ɗaya a jikin katako, a toshe wuraren da ba a son launi, a bar sauran a buɗe.

A Turai, ƙyallen da ya dace da aikin daga gidajen niƙa ya fito. Tun ƙarni na 19 masaƙan Suwizalan sun shahara da saƙa ƙyallen alharini mai huda daidai wa daida, wanda ake tankaɗen garin alkama da shi. Shi masu bugu suka ara, don haka kiran abin rariya ya dace da asalinsa. A shekarar 1907 wani mutumin Manchesta a Ingila, Samuel Simon, ya sami takardar mallakar fasaha a kan bugu da irin wannan ƙyalle. Bayan ƴan shekaru aka gano yadda za a shafe ƙyallen da wani sinadari mai daskarewa idan haske ya taɓa shi. Sai a ɗora hoton zanen a kai, a haska, a wanke da ruwa. Inda zanen ya tare haske sinadarin ya wanke, huda ta buɗe. Sauran wuraren su toshe. Daga nan sai a zuba tawada, a ja ta da katako mai bakin roba, ta sauka a kan abin da ke ƙasa.

Abin da ya bambanta wannan bugu da na injin jarida shi ne kaurin tawadar da yake zubarwa, wanda ya ninka na jarida sau da yawa. Ba ya kuma zaɓen wurin sauka: yadi, gilashi, ƙarfe, tangaran da leda duk ɗaya ne a gare shi. Haka nan yana karɓar tawada mai kauri kamar kunu, ko da an cuɗa ta da garin ƙarfe. Waɗannan halaye uku su ne suka ja hankalin injiniyoyin lantarki.

Yaƙi da tawadar azurfa

Tunanin shimfiɗa hanyar wuta a kan faranti ya daɗe. A 1903 wani Bajamushe, Albert Hanson, ya nemi mallakar fasaha a Ingila a kan liƙa siraran ƙarfe a jikin takarda mai kakin zuma ko makamancinsa. A 1925 Charles Ducas ya nemi tasa a Amurka, inda ya kawo shawarar zana hanyoyin ta cikin hudajjen faifai. Duka biyun ba su kai kasuwa ba.

Wanda ya matsa da batun shi ne Paul Eisler, injiniya Bayahude haifaffen birnin Viyana na Ostiriya a 1907, wanda ya san aikin ɗab'i. Ya yi ƙaura zuwa Landan a 1936 saboda ƙyamar Yahudawa da ke ƙaruwa a yankinsu. Da yaƙi ya ɓarke, hukumar Ingila ta tsare shi na wani lokaci a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Bayan an sake shi ya haɗa kai da wani kamfanin ɗab'i, Henderson and Spalding, ya haɗa rediyo mai bugaggun hanyoyi a 1942, ya kuma nemi mallakar fasahar a 1943. Dabararsa ita ce a lulluɓe faranti da jan ƙarfe, a buga zanen hanyoyin da tawadar da asid ba ya ci, a tsoma cikin asid ya cinye sauran jan ƙarfen. Wannan hanya ta ragewa ita ce uwar koren farantin da ake gani a cikin kowace rediyo da kwamfuta a yau.

A Amurka kuwa wata hanya aka bi, ta ƙarawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suna son harsashin igwa wanda zai fashe da kansa idan ya kusanci abin da aka auna, ko da bai taɓa shi ba. Hakan yana buƙatar a cusa ƴar ƙaramar rediyo a hancin harsashin, kuma ta jure girgizar harbi wadda ke ninka nauyin kowane abu sau dubbai. Wayoyin da aka liƙa da hannu suna cin wuri, kuma ba su da tabbas. A ƙarshe-ƙarshen yaƙin, kamfanin Centralab na birnin Milwaukee, inda injiniya Harry Rubinstein yake aiki, tare da hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, suka ɗauki farantin tangaran suka buga masa hanyoyi da tawadar azurfa ta cikin rariya. Inda ake son a rage ƙarfin wuta kuma suka buga tawadar gawayi, domin gawayi yana barin wuta ta wuce amma da ƙyar. Aka gasa farantin, azurfar ta kama shi kam.

Da yaƙi ya ƙare aka fito da sirrin fili. A 1947 hukumar ma'aunan ta wallafa bayanin dabarun a ƙarƙashin jagorancin Cledo Brunetti, masana'antu suka ɗauka. A 1964, lokacin da kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocinsa System/360, ginshiƙinsu ƴan farantan tangaran ne masu faɗin rabin inci, waɗanda aka buga wa hanyoyi da rariya. Sai dai irin wannan tawada tana buƙatar gashi a zafin da ya kai digiri 850 a ma'aunin Salshiyos. Tangaran kaɗai ke jure haka, shi kuwa ba ya lanƙwasuwa, kuma babban farantinsa yana da tsada da saurin fashewa.

Zuwan leda

Mafita ta sake fitowa daga wajen masu yadi. A 1941, a ɗakin binciken ƙungiyar masu buga atamfa ta Manchesta, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson suka haɗa sinadarin foliyesta, wanda ake yin zaren tufafi da gorunan ruwa da shi a yau. A farkon shekarun 1950 kamfanin DuPont ya fara mulmula shi ya zama leda garai-garai mai suna Mylar. Ledar tana da ƙarfi, wuta ba ta bi ta cikinta, kuma ana iya lanƙwasa ta sau da yawa ba ta tsage ba. Amma tana narkewa a wajen digiri 250, don haka tawadar tangaran ba ta dace da ita ba. Sai da masu haɗa sinadarai suka cuɗa garin azurfa da wani irin ƙaro wanda ke bushewa a zafin digiri 120 zuwa 150. Idan ruwan tawadar ya tashi, ɓarɓashin azurfar sai su kwanta a kan juna, su zama hanyar wuta wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba.

Da wannan tawada aka gina makunnin leda, wanda ya yaɗu a shekarun 1970. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana ɗaukar leda biyu, kowace kaurinta wajen kashi 1 cikin 8 na milimita, a buga wa kowace hanyoyin azurfa da ɗigo-ɗigo a wuraren madannai. A tsakaninsu a sa leda ta uku mai gam a fuska biyu, wadda aka huda daidai saitin kowane madanni. Ɗigon sama da na ƙasa suna fuskantar juna ta cikin hudar, amma ba sa haɗuwa. Idan yatsa ya danna, ledar sama ta lotsa, azurfa ta taɓa azurfa, wuta ta wuce. Idan ya ɗaga, ledar ta koma yadda take. A can sama kuma akwai leda ta huɗu mai ɗauke da lambobi da haruffa, waɗanda ake bugawa a bayanta domin kada yatsa ya goge su. Hanyoyin duka suna tattaruwa a wani siririn harshe na leda, a cusa shi cikin na'ura.

A masana'anta aikin yana bin matakai sanannu: a gasa ledar tukuna domin ta gama tsukewa, a buga azurfa, a busar, a buga gawayi ko tawadar kariya a kai, a busar, a yanka da wuƙar inji, a manne, sannan a gwada kowane madanni da ma'aunin wuta. Ƙwayar ƙura guda a kan rariya tana iya yanke hanya, shi ya sa ake aikin a ɗaki mai tsabta. Ribar kuwa a fili take: madannai 40 da madanni guda duk jan tawada ɗaya ne.

Araha da abin da ta jawo

Babu abin da ya nuna ƙarfin wannan dabara da rauninta kamar ƙananan kwamfutocin gida na farko. Magnavox Odyssey 2 ta 1978 da Atari 400 ta 1979 duk da makunnin leda suka fito. Ita ta biyun an yi ta ne da yara a zuciya, domin ko an zubar da abin sha a kanta ba zai shiga ciki ba. A Ingila, Clive Sinclair ya fito da ZX80 a 1980, sannan ZX81 a watan Maris na 1981, wadda masana'antar Timex ta birnin Dundee ke haɗawa. Kuɗinta fam 69.95 a haɗe, ko fam 49.95 ga wanda zai haɗa da kansa, a lokacin da sauran kwamfutoci ke cin ɗaruruwan fam. Madannanta 40 ne, an jera su a kan layuka 8 da suka gitta layuka 5, don haka hanyoyi 13 kacal suka wadatar. An sayar da fiye da miliyan 1.5, kuma a kanta yara da yawa suka fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni.

Sai dai an ce araha ba ta ado. Masu amfani da ita sun yi ta ƙorafi cewa yatsa ba ya jin ko madannin ya shiga ko bai shiga ba, dole mutum ya riƙa ɗaga kai yana duban talabijin bayan kowane harafi. Harshen ledar kuma kan bushe saboda zafin na'urar, ya tsage, layi guda na madannai ya mutu gaba ɗaya. Masana'antu sun amsa ƙorafin farko ta hanyoyi biyu. Wasu suka sa ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashin kowane madanni, wanda ke lotsawa da ƴar ƙara sannan ya dawo. Wasu kuma suka ɓoye ledar a ƙarƙashin madannai na sosai. ZX Spectrum ta 1982 ta ɗora madannan roba a kanta, allon madannai na IBM Model M na 1985 kuma ya ɗora sifirin. Har yau, wanda ya kwance allon madannai mai araha na kwamfutar ofis, leda uku zai tarar a ciki, biyu masu zanen azurfa, ɗaya mai huda.

Akwai kuma cuta ta ɓoye wadda masu bincike na Bell Laboratories suka yi bayaninta tun 1955. Idan laima ta shiga tsakanin hanyoyin azurfa biyu masu ɗauke da wuta, azurfar kan narke kaɗan-kaɗan ta yi tsiro kamar saiwa daga wannan hanya zuwa waccan, har su haɗu. Daga nan sai na'ura ta riƙa ganin an danna madannin da babu wanda ya taɓa. Maganinta shi ne rufe azurfar da gawayi ko tawadar kariya, da toshe gefunan da gam mai kyau. Masana'antar da ta tsallake wannan mataki don rage kuɗi, kayanta a damina suke tona mata asiri.

Duk da haka makunnin leda ya sami gida na dindindin a inda rufaffiyar fuska ta fi daɗin dannawa muhimmanci: na'urorin asibiti da ake gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, injinan masana'antu, tandun girki na lantarki, sikeli, da famfunan gidajen mai.

Allon da ke jin taɓi

A daidai lokacin da ake wannan, wasu suna neman yadda mutum zai taɓa hoton da ke kan allo kai tsaye. A 1965 E. A. Johnson na cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila ya wallafa bayanin allo mai siraran wayoyin jan ƙarfe a fuskarsa, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Dabarar ta dogara ne da jikin mutum. Jiki cike yake da ruwa da gishiri, wuta tana bi ta cikinsa. Idan yatsa ya kusanci ƙarfe mai caji, yakan ja wani ɗan kaso na cajin, na'ura ta auna canjin ta gane an taɓa.

A cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, kusa da birnin Janeba, ana gina wani inji mai zagayen kusan kilomita 7 wanda sarrafa shi zai buƙaci dubban makunnai. A 1972 Bent Stumpe, ɗan ƙasar Denmak, tare da Frank Beck, suka tsara gilashi mai layukan jan ƙarfe sirara ƙwarai, har ido ba ya ganinsu sosai, aka raba shi gida 16. Rubutun da ke bayan kowane gida yana canzawa gwargwadon aikin da ake yi, don haka gida 16 suka maye gurbin bango guda na makunnai. Da su aka fara sarrafa injin a 1976.

A Amurka, Sam Hurst ya kafa kamfanin Elographics a 1971, bayan ya ƙirƙiro faifan da ke gane wurin da aka danna domin sauƙaƙa karanta tarin takardun awo. Daga aikin kamfaninsa aka sami allon dannawa, wanda a haƙiƙa makunnin leda ne garai-garai. Gilashi ne a ƙasa, leda a sama, an shafe fuskokinsu na ciki da wani sinadari na indiyom da kuza, wanda haske ke ratsawa kuma wuta ke bi. Ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna raba su, kuma da rariya ake buga ɗigon, haka ma layukan azurfa na gefe. Irin wannan allo ne a wayar IBM Simon ta 1994, da Palm Pilot ta 1996, da Nintendo DS ta 2004. Yana amsa farce da tsinke da safar hannu, amma wuri guda yake ganewa a lokaci guda, kuma ledar tana ƙarcewa.

A 1998 Wayne Westerman da John Elias na Jami'ar Delaware suka kafa FingerWorks, suna ƙera faifan da ke bin yatsu da yawa lokaci guda. Kamfanin Apple ya saye shi a 2005, ya kuma nuna iPhone a ranar 9 ga Janairu, 2007. Allonta ya koma ga dabarar Johnson, amma da saƙar layuka na tsaye da na kwance a ƙarƙashin gilashi, inda na'ura ke auna caji a kowace mahaɗa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Babu abin da ke lotsawa kuma. Wannan ne dalilin da ya sa waya ba ta amsa tsinke, kuma takan rikice a hannun wanda ya gama alwala bai goge ba, domin ruwa ma yana jan caji. Ko a nan rariya ba ta bar aiki ba: da ita aka saba buga baƙin zoben da ke kewaye gilashin, da layukan azurfar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa.

Masana'antu da ma'aikata

An yi ƙirƙirar a Turai da Amurka, amma ƙira mai yawa ta koma gabashin Asiya. Kamfanonin Taiwan irin su TPK da Wintek sun kafa manyan masana'antu a ƙasar Sin, inda dubban ma'aikata ke bugawa da mannawa da goge gilasai. Neman sauri ya taɓa lafiyar mutane. A 2009, a masana'antar Wintek ta birnin Suzhou, an riƙa goge allo da sinadarin hekzen maimakon wanda aka saba, saboda ya fi saurin bushewa. Shaƙarsa na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. A rahotonsa na 2011 kamfanin Apple ya amince cewa ma'aikata 137 sun cutu. Wannan darasi ya shafi kowane mai bugu, babba da ƙarami, domin tawada da ruwan wanke rariya duk sinadarai ne masu tashi, kuma ɗaki marar iska yana tara su a huhun mai aiki.

Inda rariya take a yau

Fagen da bugun azurfa ya fi yawa a yanzu shi ne farantin hasken rana. Siraran layukan da ake gani a fuskar kowane faifan sola azurfa ce da aka tura ta rariya aka gasa, dabarar da aka fara tun shekarun 1970, kuma wannan masana'anta kaɗai tana cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na azurfar da duniya ke buƙata a shekara. Haka nan ɗan tsinken da mai ciwon suga ke ɗiga wa jini. Na'urar ExacTech ta 1987 ita ce ta fito da tsinke mai bugaggun hanyoyi, aka riƙa yin su da yawa a yi amfani sau ɗaya a jefar. Layukan da ke bayan gilashin mota masu kore raɓa su ma bugu ne.

Waɗannan kaya sun cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Kano da Kumasi, kuma ƙurar hunturu tana cikin abubuwan da rufaffen madanni ya fi jurewa. Mai buga riguna da tutocin siyasa a waɗannan garuruwa, da firam ɗinsa da katakonsa mai bakin roba, motsin hannunsa ɗaya ne da na injin da ke buga azurfa a kan sola. Abin da ya raba su shi ne tawada, da daidaiton awo, da ɗaki marar ƙura, da ma'aunin gwaji.

Kammalawa

Kowane mataki na wannan tarihi ya rage tsada da yawan sassa, ya kuma rage abin da yatsa ke ji. Makaho yana laluben ɗan tudun da ke kan lamba 5 ya gane sauran madannai. A kan gilashi sumul babu abin lalube, sai da aka ƙara muryar da ke karanta allo, kamar wadda ta zo a iPhone a 2009. Mai gyara yana iya canza makunni guda na ƙarfe, amma mannanniyar leda ko fasasshen allo sai dai a canza su ɗungurungum.

A wasu wurare hasarar ta kai ga rai. A ranar 21 ga Agusta, 2017, jirgin yaƙin ruwan Amurka USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo, matuƙa 10 suka mutu. Bincike ya nuna cewa ruɗanin da aka samu wajen sarrafa tuƙi da gudu ta allon taɓi, tare da ƙarancin horo da gajiya, suna cikin musabbabin hatsarin. A 2019 rundunar ta sanar da cewa za ta mayar da hannayen sarrafawa na ƙarfe a irin waɗannan jirage.

Saboda haka hanyoyin uku duk suna nan, kowace da muhallinta: makunnin ƙarfe a inda dole hannu ya ji abin da yake yi, makunnin leda a inda ruwa da ƙura suke, allon taɓi a inda umarni ke da yawa kuma suna canzawa. Biyu daga cikinsu, da farantin solar da ke ba su wuta a ƙauyuka da yawa, sun ratsa ta cikin ƙyallen da aka fara saƙawa domin tankaɗen gari. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.